A Auna Zuciya Kafin a Ɗaga Ƙarfe

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu girma, ina so in jawo hankalinku kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin samari a wannan zamani, wato ɗaga ƙarfe. Da wuya ka shiga makarantar kwana ko wata unguwa ba ka tarar da ita ba. A samo guntun bututun ƙarfe, a cika gwangwanayen fenti biyu da kwaɓaɓɓen siminti, a kafa bututun a tsakaninsu, in ya bushe shi ke nan an sami kayan aiki. Da la'asar sai a taru a bayan ɗakin kwana, wannan ya ɗaga, wancan ya karɓa, sauran suna ƙirgawa suna zuga su. Wanda ya fi kowa ɗaga mai nauyi shi ne gwarzo, wanda ya ajiye da wuri kuwa a kira shi rago.

Ni ban ga laifin neman ƙarfin jiki ba. Kakanninmu ma sun yi kokawa, sun yi dambe, sun yi noman gayya. Abin da ya dame ni shi ne ɗalibin nan da ke cikin taron, wanda shi kaɗai ya san cewa wani lokaci gabansa yakan faɗi haka kawai, ko ya ji zuciyarsa ta tsallake bugu ɗaya, ko ta kama gudu yana zaune bai yi aikin komai ba. Shin irin wannan ɗalibi ya dace ya ɗaga ƙarfe?

Amsa biyu aka saba ji. Iyaye, saboda ƙauna da tsoro, sukan ce kul, kada ya kuskura ya ɗaga ko bokiti, ya zauna a inuwa ya kalli 'yan'uwansa. Abokai kuwa sukan ce ba komai ba ne, ragwanci ne kawai, in ya dage zai wuce. A ganina duka biyun sun kauce hanya, domin kowannensu ya yanke hukunci ne ba tare da ya san abin da ke cikin ƙirjin yaron ba. Ra'ayina shi ne: a fara kai shi likita a auna zuciyar, sa'an nan a san irin nauyin da ya dace da shi. Yawancin masu irin wannan larura za su iya motsa jiki su amfana, kaɗan daga cikinsu kuwa rayuwarsu ta dogara ne ga a gano su tun da wuri.

Bari mu fara da sanin ita zuciyar kanta. Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna 4, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙyamare masu hana jini komawa baya. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke fitar da tartsatsin lantarki, shi ne ke ba sauran sassan umarnin matsewa a kan lokaci. Aikinsa kamar na makaɗin gayya ne: muddin kiɗansa na tafiya daidai, fartanya kan sauka tare. Zuciyar baligi mai lafiya, in yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda. Ta ƙwararrun 'yan wasa takan sauka ƙasa da 60, kuma wannan ba ciwo ba ne. To, idan makaɗin ya yi gaggawa, ko ya yi nawa, ko wani ɗan kutse ya shigo da tasa gangar daga gefe, sai tafiyar ta rikice. Wannan shi ake nufi da rikicewar bugawar zuciya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan rikicewa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ɗan ƙarin bugu da kan zo jefi-jefi, wanda kusan kowa yakan same shi, musamman in ya gaji, ko bai sami barci ba, ko ya cika cin goro da shan shayi mai kauri. A zuciya mai lafiya wannan galibi ba ya cutarwa. Akwai kuma saurin bugu wanda asalinsa ba daga zuciyar ba ne, kamar wanda zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko ciwon maƙoƙo ke haddasawa. In an magance sanadin sai bugun ya daidaita. Akwai wanda aka haife shi da ƙarin hanyar lantarki a zuciya, wadda kan sa ta kama gudu farat ɗaya. Irin wannan a yau likitoci kan zura siririyar waya ta jijiyar cinya su ƙone wannan hanya, mutum ya warke. Akwai wanda ciwon maƙogwaro da ba a kula da shi ba tun yana ƙarami ya lalata masa ƙyauren zuciya, daga baya bugun ya rikice, kuma wannan ya yawaita a ƙasashenmu na Afirka.

Sai kuma rukuni na ƙarshe, wanda shi ne abin tsoro. A cikinsa akwai kaurin tsokar zuciya na gado, wanda ake samu a kusan mutum 1 cikin 500. Akwai wata larurar gado da ke sa zuciya jinkirin sake shiri tsakanin bugu da bugu. Akwai kumburin tsokar zuciya da kan biyo bayan mura mai zafi ko wani zazzaɓin ƙwayar bairos. Mai ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kasancewa ƙaƙƙarfa, jikinsa sumul, amma aiki mai tsanani ya jefa zuciyarsa cikin karkarwa, ta daina tura jini gaba ɗaya. Ka ga ke nan, kalmar faɗuwar gaba guda ɗaya ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ya kama daga wanda bai kai a damu da shi ba har zuwa mai kisa. Ba uwa, ba aboki, ba malamin wasanni da zai iya bambance su da ido.

Yanzu me ke faruwa a jiki in mutum ya ɗaga nauyi? Idan nauyin ya yi masa yawa, ba tare da ya sani ba sai ya ja iska ya riƙe, ya ɗaure ciki, ya yi yunƙuri, jijiyoyin wuyansa su fito raɗa-raɗa. A wannan ɗan lokaci tsokoki sun matse hanyoyin jini, ƙirji ya cika da matsi, sai hawan jini ya yi tsalle. A shekarar 1985 wasu masana a ƙasar Kanada sun auna jinin ƙwararrun masu ɗaga ƙarfe suna cikin tura nauyi da ƙafafu biyu. Matsakaicin abin da suka samu shi ne 320 bisa 250, har akwai mutum ɗaya da nasa ya haura 480 bisa 350. A tuna, awon mai lafiya yana hutawa wajen 120 bisa 80 ne. Da zarar an saki numfashi kuma sai jinin ya faɗo da sauri, shi ya sa wasu kan ga duhu-duhu ko jiri bayan sun ajiye ƙarfe. Ga kuma zugar abokai da ke ƙara tsinka wa jiki sinadarin adirenalin, mai ingiza zuciya. Lafiyayyar zuciya takan jure wannan hawa da sauka na 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ke da miki a ɓoye kuwa, nan ne wurin da ake jin tsoro.

Amma a lura da kyau: haɗarin yana tare da nauyin da ya wuce ƙima da kuma riƙe numfashi. Nauyi matsakaici, wanda mutum ke ɗagawa yana numfashi yadda ya kamata, ba ya kai jini wannan matsayi. Nan ne nake so in yi magana da iyayenmu.

Ranku ya daɗe, na san abin da za ku ce: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ku duba rayuwarmu ta yau da kullum, wa ya isa ya guje wa ɗaukar kaya? Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Buhun siminti kilo 50 ne. Yaron da aka hana motsa jiki, wata rana dole ya ɗauki akwatinsa zuwa tasha, ko ya taya tura mota, ko ya jawo guga daga rijiya. Yawan wahalar da zuciya ke sha wajen ɗaukar kaya ya danganta ne ga yadda kayan suka yi wa tsokar mutum nauyi. Jarkar da mai ƙarfi zai ɗauka yana hira, ita ce mai raunin jiki zai ɗauka da nishi da riƙe numfashi. Wato raunin tsoka ba hutu ba ne ga zuciya, ƙarin aiki ne. Bayan haka, zaman kashe wando yakan jawo ƙiba, da hawan jini, da ciwon sukari, waɗanda su kansu suna cikin manyan abubuwan da ke rikita bugun zuciya in an manyanta. Ga kuma ƙuncin rai na yaron da aka ware daga sa'o'insa, kullum yana jin kansa kamar ƙwai a cikin cokali.

Su ma likitoci sun sauya ra'ayi a kan wannan batu. A da, da zarar an ce mutum yana da ciwon zuciya sai a ce ya kwanta. A yau ƙarfafa tsoka da nauyi matsakaici yana cikin abin da ake koya wa masu jinyar zuciya a asibitoci. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, su kuma yi abin da zai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako; manya kuwa su ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. A wannan shekara kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar da jagora kan motsa jiki ga masu ciwon zuciya, wanda ya karkata ga a auna kowane mutum a kan kansa, a zauna da shi a yanke shawara, maimakon a hana kowa da kowa. Saboda haka hana yaro motsi ba tare da awo ba, ba kariya ba ce, tauye shi ne.

To, ku kuma abokaina masu cewa ba komai, ga naku. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas, Nijeriya na karawa da Angola, bai sake tashi ba, shekarunsa 25. Ranar 26 ga Yuni, 2003, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa ana wasa da Kolombiya, yana da shekara 28, kuma bincike ya nuna kaurin tsokar zuciya ne. Wa zai kira waɗannan ragwaye? Na san 'yan ƙwallo ne, ba masu ɗaga ƙarfe ba, amma darasin ɗaya ne: ƙarfin damtse ba shaida ba ne a kan lafiyar zuciya.

Sai mu dubi waɗanda aka gano nasu. A 1996, bayan Nwankwo Kanu ya ciyo wa Nijeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, awon da ƙungiyar Inter Milan ta yi masa ya nuna ƙyauren zuciyarsa ɗaya yana da lahani. Aka yi masa aiki a Amurka, ya koma fili, har ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Christian Eriksen na Denmak zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni, 2021. Aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, daga baya aka dasa masa wata ƙaramar na'ura mai gadin bugu, kuma kafin wata 9 ya cika ya koma buga ƙwallo a Ingila. Sergio Agüero kuwa, da aka gano rikicewar bugu a zuciyarsa a 2021, sai ya bi shawarar likitoci ya ajiye ƙwallo yana da shekara 33. Mutum uku, hukunci daban-daban, amma dukkansu awo da ilmi ne suka yanke, ba zugar 'yan kallo ba.

Ba na so in tsorata kowa, domin mutuwar farat ɗaya a wurin wasa aba ce mai wuyar aukuwa. A 1982 ƙasar Italiya ta wajabta auna zuciyar duk mai shiga gasar wasanni. Masana da suka bi diddigin wani yanki na ƙasar daga 1979 zuwa 2004 sun ga cewa irin wannan mutuwa a tsakanin matasa 'yan wasa ta sauko daga kusan 4 cikin 100,000 a shekara zuwa ƙasa da 1. Adadin tun asali kaɗan ne, amma ga gidan da abin ya faɗa wa, ɗaya ma ya yi yawa.

Waɗanne alamu ne ya kamata su sa a tsaya a ga likita kafin a sake taɓa ƙarfe? Na farko, kuma mafi girma, suma a tsakiyar motsa jiki, ko jin kamar za a suma. Na biyu, ciwo ko nauyi a ƙirji lokacin aiki. Na uku, haki da ya wuce na sa'o'inka a aiki iri ɗaya. Na huɗu, zuciya ta kama gudu farat ɗaya tare da jiri ko ganin duhu. Na biyar, tarihin gida: in akwai ɗan'uwa na jini da ya rasu ba zato ba tsammani bai kai shekara 50 ba, ko ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi, ko ya nutse a ruwa alhali ya iya iyo. A wurinmu sau da yawa in yaro ya faɗi yana shure-shure sai a ce farfaɗiya ce ko iska. Yana iya zama farfaɗiya, amma zuciyar da ta rikice ma takan kawo haka. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Awon kansa ba abin tsoro ba ne. Likita zai yi tambayoyi, ya saurari ƙirji, ya auna jini. Sa'an nan a manna wa mutum wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa a ɗauki zanen lantarkin zuciya, wanda a asibiti ake kira isiji; ba allura, ba zafi, 'yan mintoci ne. In da bukata a yi hoton zuciya na eko, ko a rataya wa mutum ƙaramar na'ura ya kwana da ita tana rubuta bugunsa, ko a sa shi tafiya a kan inji ana duba yadda zuciyar ke amsawa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos suna da likitocin zuciya. Yana da kyau ƙwararre ya karanta zanen, domin an san cewa zanen lafiyayyun 'yan wasa baƙar fata yakan nuna wasu alamu da wanda bai saba ba zai ɗauka ciwo ne. Kuma awo ɗaya ba lasisin har abada ba ne. In sabuwar alama ta bayyana, a koma.

Idan likita ya ba da izini, ga ƙa'idojin da nake ganin ya kamata a riƙe.

Na ɗaya, a zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 10 zuwa 15 ba tare da nishi ba. Gasar wa ya fi ɗaga mafi nauyi sau ɗaya, wannan ba ta mai larurar bugu ba ce. Ko da jikin mutum kaɗai ma ana ƙarfafa tsoka, kamar tsugunnawa da miƙewa, ko tura jiki daga bango.

Na biyu, kada a riƙe numfashi. A fitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Dabara mai sauƙi ita ce mutum ya riƙa ƙirgawa da bakinsa a bayyane, domin mai magana ba ya iya riƙe numfashi.

Na uku, a ɗumama jiki da tafiya ta minti 5 zuwa 10 kafin a fara, a kuma sauka a hankali in an gama. Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, da hutun kwana a tsakani. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, a kiyayi zafin rana da ƙishirwa. A watannin bazara zafi a garuruwanmu yakan haura digiri 40, kuma gumi mai yawa yana fitar da gishirin da lantarkin zuciya ke aiki da shi. A yi da sanyin safiya ko na yamma, a sha ruwa. Mai azumi ya jira sai bayan ya sha ruwa ya huta.

Na biyar, mai zazzaɓi, ko mura mai zafi, ko gudawa, ya ajiye ƙarfe har ya warke sarai. Maganar nan ta a fitar da zazzaɓi da gumi kuskure ce. Wanda aka tabbatar masa da kumburin tsokar zuciya, likitoci kan hana shi aiki mai tsanani na wata 3 zuwa 6.

Na shida, a nisanci duk abin da ake sha don ƙara kuzari: lemon gwangwani mai yawan kafin, da tiramol, da allurai ko ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye. Waɗannan na ƙarshe suna kaurara tsokar zuciya su rikita bugunta ko da ta mai lafiya ce. Haka kuma wasu magungunan da muka saba da su, kamar kulorokwin da kwinin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna iya taɓa lantarkin zuciya. Mai larurar bugu kada ya sayi magani a kemis da ka, ya gaya wa likita halinsa tukuna.

Na bakwai, wanda aka ɗora wa magani ya sha shi a kan lokaci. Wasu magungunan suna rage saurin zuciya, don haka ƙirga bugu ba zai nuna masa iyakarsa ba. Ma'auninsa shi ne ya iya magana yana cikin aiki. Wanda aka dasa wa na'ura a ƙirji ya jira makonnin da likita ya ɗiba kafin ya ɗaga kaya da hannun wannan ɓangare, ya kuma guji abin da zai doki wurin.

Na takwas, kada a yi shi a kaɗaice, kuma da an ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko bugu ya rikice, a ajiye nan take. Ajiye ƙarfe a irin wannan hali hankali ne.

'Yan'uwana mata, wannan magana ta shafe ku. Ƙarfin tsoka da ƙashi ba na maza kaɗai ba ne, kuma faɗuwar gaba da ke damun 'yan mata da yawa ƙarancin jini ne ke kawo ta, wanda gwaji mai sauƙi zai nuna a kuma magance.

Wani zai ce rai da ajali a hannun Allah suke. Haka ne, babu shakka. Amma wanda ya yi imani da haka bai fasa duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi ba. Wani kuma zai ce kuɗin awo fa? Gaskiya ne ana cikin matsi. Sai dai matakin farko, wato tambayoyin nan biyar da na lissafa, ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne zai nuna wa ya fi bukatar a kashe wa kuɗin.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta abu huɗu. A riƙa ba kowane sabon ɗalibi takardar tambayoyi kan suma da ciwon ƙirji da tarihin gida, iyaye su cika ta da gaskiya, a kuma riƙe ta da sirri. A fito da ƙarafan nan daga bayan ɗakin kwana zuwa filin wasa, ƙarƙashin idon malamin wasanni, domin hana su ba zai sa a daina ba, sai dai a koma yi a ɓoye. A gargaɗi manyan ɗalibai kada su sa wanda ke da takardar likita gwale-gwale ko tsallen kwaɗo. Sa'an nan a gayyato ma'aikatan lafiya ko 'yan agaji na Red Cross su koya mana taimakon gaggawa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci. A yau in mutum ya faɗi, abin da muka iya shi ne mu yi masa zobe, wannan ya yayyafa ruwa, wancan ya yi fifita, wani ya nemo albasa. In zuciya ce ta tsaya, duk wannan ɓata lokaci ne, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma kowane minti da ya wuce ba taimako yana rage damar tsira da kusan kashi 10 cikin 100. Idan mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko kuwa sai ɗan gasping na shaƙuwa jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya ruga neman taimako da mota, wani ya ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, in ya gaji wani ya karɓa. Wannan aiki ɗan aji ɗaya ma zai iya koyonsa a yini guda. Ina kuma kira ga Ƙungiyar Iyaye da Malamai da ta Tsofaffin Ɗalibai su haɗa hannu su saya wa makaranta na'urar farfaɗo da zuciya, irin wadda ke gaya wa mai amfani da ita abin da zai yi. Ita ce ta ceci Eriksen.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwana mai faɗuwar gaba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kunya ko tsoron a kira ka rago ya sa ka yi shiru. Ka gaya wa iyayenka, ka gaya wa malamin ɗakin magani. Mu kuma abokansa, mu daina zuga wanda ya ce ya gaji. Iyayenmu, ku kai mu a auna, in likita ya ce mu motsa ku bar mu mu motsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.